Akwatin Fatsar Injiniya

Ina shekara ta huɗu da fara gadi a Doha muka saba da Injiniya. Ginin da nake tsaro yana Al Mirqab, hawa goma sha biyu ne, aikina kuwa zama a teburin bakin ƙofa daga shida na safe zuwa shida na yamma. In rubuta sunan baƙo, in karɓi saƙo, in kori masu kawo abinci a babur idan sun tare hanyar motoci. Bas ɗin kamfani ke ɗauko mu daga Najma, ita ce kuma ke mayar da mu. Yawancin mazauna ginin ba su san fuskata ba, rigar aikin kawai suke gani su wuce.

Shi Injiniya Bature ne daga Kanada, dogo, ya ba sittin baya, yana aiki da wani kamfani mai harkar ruwan sha. Shi kaɗai yake zaune a hawa na bakwai. Mu masu gadi haka muke kiransa, Injiniya, kuma tsakanina da shi ba abin da ya taɓa wuce gaisuwar safe sai wata Alhamis da la'asar.

Ran nan ya shigo riƙe da wani koren akwati na roba, irin mai hawa-hawa a ciki. Ya kai bakin lif sai na ji ƙara. Akwatin ya kuɓuce masa, murfi ya buɗe, kayan ciki suka watse a kan tayil har ƙarƙashin kujerun baƙi. Na taso da gudu. Ko da na duba ƙasa sai na tsaya cak. Ƙugiyoyi ne, da dalma, da naɗin zaren lailon, da wasu 'yan kifayen roba masu launi-launi, da fallayen ƙarfe masu ƙyalli kamar cokulan da aka yanke wa mariƙi. Rabona da ganin kayan kamun kifi tun barina gida.

Ya sunkuya zai tsince, na ga hannunsa na dama yana rawa kamar mai jin sanyi. Da ɗan Turancin da nake da shi na ce, "Yallaɓai, bari, za su soke ka." Na durƙusa na fara tsinta. Ƙugiya mai baki uku ta wuya ake ɗaukarta, zaren da ya sarƙe kuma ba a fizgarsa, sassauta shi ake yi har ya nuna inda ya shiga. Ban yi tunanin komai ba, hannuna ne kawai ya tuna. Ashe shi kuwa hannun nawa yake kallo.

"Kai masunci ne," in ji shi.

"Babana dai," na ce. "Ni na bari."

Mu mutanen Yauri ne, bakin kogin Kwara. Babana da kakana duk a ruwa suka yi rayuwarsu. Tun ina ƙarami nake bin Baba a kwale-kwale, mu shimfiɗa mamari, dogon zare mai ƙugiyoyi, da yamma mu ɗebe da safe, mu jefa ragar birgi a inda ruwa ya kwanta. Da na girma kifi ya ja baya, masu nemansa suka yi yawa, sai a wuni a ruwa a dawo da abin da bai cika kwano ba. Na ce wa Baba zan tafi nema. Bai hana ni ba, bai kuma raka ni tasha ba. Yana zaune yana ɗinkin koma ya ce, "Allah shi tsare," ko ɗagowa bai yi ba. Na yi Legas shekara biyar, daga can na samu hanyar Doha. Tun daga ranar maganarmu a waya ba ta wuce lafiya lau, ya ruwa, ya aiki.

Da na gama tattara kayan na kai masa akwatin cikin lif, ya tare ƙofar da ƙafa ya tambaye ni yaushe nake hutu. Na ce Juma'a. Ya ce yana da wani aiki da yake so in taya shi, in ba zan damu ba.

Dokar kamfaninmu ta hana mai gadi shiga ɗakin mazauna yana kan aiki. Don haka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zo da kayan gida, na rubuta sunana a littafin baƙi, abokin aikina na yi mini dariya yana tambayata ko in zauna ya kawo mini ruwa. Na hau bakwai.

Falon babba ne amma ba komai a ciki sai kujeru biyu da tebur. A jikin firij akwai hoton wata mata da hular hana sallah tana riƙe da sitiyarin jirgi, tana harara kamar an dame ta. Ya haɗa mana shayi. Na lura nasa kofin rabi kawai ya zuba, don kada ya zube.

Ya buɗe akwatin a kan tebur ya fara ba ni labari. Ya ce garinsu a bakin wani tafki yake, ruwan daɗi, amma girmansa ya kai ba ka hango ɗaya gaɓar. Kifi iri biyu ya yi rayuwarsa yana bi. Na farko samon. Na biyu kuma ya ce, "Wolai."

Na ce, "Na yarda, Yallaɓai, ba sai ka rantse ba."

Ya dube ni bai gane ba. Da na yi masa bayanin yadda muke cewa wallahi, ya yi dariya har ta sa shi tari. Sunan kifin ke nan, wolai. Ya nuna mini hotonsa a waya, mai ruwan zinariya-zinariya, idonsa fari-fari kamar na mai yanar ido.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su ba a tsaye suke fatsa ba. Kunna injin jirgi suke yi ya riƙa tafiya a hankali, su saki zare ta baya, jirgin na jan abin yaudarar a cikin ruwa yana rawa kamar ƙaramin kifin da ya ji ciwo. Ya ce samon in zafi ya yi ƙasa yake nutsewa neman ruwan sanyi, cokali kuwa ba shi da nauyin da zai kai can. Sai su rataya wani dunƙulen dalma mai girman kwakwa a jikin waya, su maƙale zaren fatsar a jikinsa da ɗan matsi, su zura shi iya zurfin da suke so. Sandar tana nan a lanƙwashe. Da kifi ya cafka sai zaren ya fita daga matsin, sandar ta miƙe tsaye fat. "In ka ga ta miƙe," ya ce, "ka ajiye duk abin da ke hannunka." Shi kuwa wolai ba ya son haske, dab da ƙasa yake kwanciya, kuma ba ya bin abin da ke gudu. Tana ake sa masa a ƙugiya biyu, a jera 'yan duwatsun ado a gabanta, da wani ɗan fallen ƙarfe kamar farcen babban yatsa da ke juyawa a ruwa. Da ya kwatanta mini tafiyar jirgin da hannu, na fahimci ta samon kamar mai sauri ne ya ji an ta da iƙama, ta wolai kuwa kamar tsoho ne yana komowa daga masallaci.

Na ce masa ai mu ma muna da irin wannan. Baba kan maƙala ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya ya ɗaure zaren a cinyarsa, yana tuƙi a hankali ta gefen duwatsu, don giwan ruwa. Injiniya ya buga tebur da hannun hagu. "Shi ne! Babu bambanci. Nawa ne girman giwan ruwan?" Na ce wani sai mutum biyu sun ɗauka. Ya ce ƙarya nake yi. Na ce wolai. Muka sake yin dariya.

Sai da shayi ya huce ya zo kan maganar. Ya ɗora hannun damansa a tebur muka zuba masa ido yana rawa shi kaɗai.

"Likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa sauri," ya ce. "A ofis ba su sani ba tukuna."

Matar da ke jikin firij matarsa ce, ta rasu shekara biyu da suka wuce. Irin wannan fatsa aikin mutum biyu ne, ɗaya na tuƙi ɗaya na lura da sanduna, kuma ita ta yi masa tuƙi sama da shekara talatin. Tun rasuwarta bai shiga ruwa ba. Suna da 'ya guda, ba ta son ruwa ko kaɗan, amma yanzu ta yarda in ya je hutu a watan Yuli mai zuwa za ta tuƙa masa. Shi ya sa ya sa aka aiko masa da akwatin, ya shirya komai tun daga nan. Sai ga shi ya kwana uku yana ƙoƙarin zura zare a idon ƙugiya ya kasa.

"Ba na so ta zauna a jirgi tana kallona ina wannan," ya ce. "Ina so in buɗe akwati komai a ɗaure."

Haka na fara zuwa duk Juma'a. Shi ke faɗa, ni ke ɗaurewa. Zare daga yatsa zuwa kafaɗa, ƙugiya biyu tsakaninsu faɗin yatsu huɗu, duwatsu biyar, sannan fallen. Yana da tsari a kan launi. Ruwa in ya yi gurɓi a sa ruwan lemo da ɗorawa, in ya yi garau a sa fari ko na azurfa. Ya koya mini ƙullin da yake yi, ni kuma na nuna masa na Baba, wanda ake naɗe zaren a jikin ƙugiyar sau bakwai a komo da shi ta ƙarƙashi. Muka ɗaura duka biyun a mariƙin ƙofa na ja. Nasa ya tsinke a ƙulli, na Baba sai da zaren ya tsinke a tsakiya. Ya ɗauki guntun ya juya shi kusa da ido ya daɗe. Ya ce, "Daga yau na babanka za mu yi." Duk wanda na gama sai in naɗe shi a jikin guntun soso in jera a akwati. Wani lokaci mukan yi awa guda ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ban taɓa gaya masa ba, amma duk mako wannan zaman nake jira.

Da sanyi ya shigo sosai ya ce mu je mu gwada a teku, ya ga ko jikinsa zai iya. Ya samo wani ƙaramin jirgi a Wakra, na wani Ba'indiye, muka fita bayan rana ta ɗago da sharaɗin za a dawo da ni kafin sallar Juma'a. Ya zaɓi babban cokali na azurfa da wani kifin roba mai dogon leɓe, ya sa na ɗaura musu guntun waya a gaba saboda kifin teku haƙora gare shi. Da muka yi nisa mai jirgin ya bar mini sitiyari.

Shekara tara rabona da ruwa a ƙarƙashina. Warin ba iri ɗaya ba ne da na Kwara, launin ma daban, amma jirgin na fara lilo ƙafafuna suka gyara tsayuwa da kansu.

"Rage kaɗan," Injiniya ke cewa. "Kada ka kalli allon da ke nuna gudu, kalli bakin sanda. In tana kaɗa kai a hankali, cokalin na rawa daidai. Yanzu karkata hagu, a hankali, sannan ka dawo dama." Ya ce in jirgi ya karkata, abin da ke gefe ɗaya yakan ƙara gudu na ɗaya gefen ya nutse, kuma a nan ne kifin da ke biye yakan yanke shawara.

Mun fi awa ɗaya muna wannan zagaye ba komai. Sai a wata karkatawa injin naɗe zare ya ɗauki kuka. Kafin in juyo Injiniya ya riga ya fizge sandar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an sauke masa shekara ashirin. Ya kafe ƙafa, ya ɗaga sandar, kifin na gudu da zare yana ba shi. Da kifin ya tsaya, lokacin naɗewa ya yi. Ya kai hannun dama kan mariƙin, hannun ya zame. Ya sake kamawa, ya yi juyi biyu, ya sake zamewa. A na uku kifin ya fizga, mariƙin ya buge shi a yatsu har jini ya fito. Zaren ya fara sakwarkwacewa.

"Karɓa," ya ce.

Na ba mai jirgi sitiyari na matso. "Yallaɓai, kifinka ne. Bari in riƙe sandar, kai ka naɗe da hannu biyu."

Muka gwada. Ina jin rawar hannunsa tana biyo sandar har cikin nawa. Ya yi juyi uku ko huɗu ya saki.

"Khalas," ya ce, wato shi ke nan. "Karɓa, kada ya tafi da cokalin."

Na jawo shi. Kifin da suke kira kanad ne, tsawon hannuna har kafaɗa, yana ƙyalli kamar sabon kwano. Mai jirgi ya yi murna, ya ciro waya ya ce Injiniya ya riƙe a ɗauki hoto. Ya girgiza kai. Ya koma gaban jirgin ya zauna ya naɗe yatsunsa da hankici, ya juya mana baya yana kallon dogayen gine-ginen da ke can nesa. Da muka iso gaɓa ya ba ni kifin na kai Najma, 'yan ɗakinmu suka soya aka ci da shinkafa ana santi. Ni loma biyu na yi na tashi.

Da na je Juma'ar da ta biyo, na tarar da cokalin da kifin robar a cikin leda yadda muka dawo da su. Shi da ya sha gaya mini gishiri ba ya barin ƙarfe, bai ko ɗauraye su ba. Tsatsa ta fara cin ƙugiyoyin. Na wanke su a famfon kicin na canza musu sababbi, yana zaune yana kallon talabijin da ba sauti.

Daga nan abin ya yi sauri. Ya daina tuƙi, kamfani ya ba shi direba. Tafiyarsa ta koma gajeren taku, yana jan ƙafa. Wata safiya mai yi masa shara ta sauko da gudu ta ce ya faɗi a banɗaki. Ni na riƙe wa masu motar asibiti lif suka fito da shi a gado. Ya ganni ya ɗaga yatsa ɗaya. A asibiti ne ofishinsu suka san halin da ake ciki, suka sallame shi da mutunci, wata huɗu kafin Yulin da yake jira.

'Yarsa ta zo ɗaukarsa. Doguwa ce kamar shi, za ta yi arba'in. Kwana biyu da zuwanta ta tsaya a teburina ta ce, "Kai ne mai ɗaure masa ƙugiyoyi?" Na ce ni ne. Ta yi godiya, ta ce duk wayar da suka yi a watannin nan sai ya ambace ni. Sannan ta rage murya.

"Likitoci sun ce ba shi ba shiga jirgi. In ya faɗa ruwa ba zan iya ciro shi ba. Na riga na sa jirgin a kasuwa. Bai sani ba, don Allah kada ka gaya masa."

Na ce to. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Amma da ta bar ni ban sani ba da ya fi mini sauƙi.

Ranar tafiya ta turo shi a keken marasa lafiya, koren akwatin a cinyarsa. Ya sa ta tsaya a gabana. Ya ce ya cire duk na wolai da na ɗaura, suna cikin jakarsa. "Wolai ba ya buƙatar ƙarfi, zan iya. Samon kam ya fi ƙarfina yanzu. Sauran ka kai wa babanka, ya gwada wa giwan ruwan nan da kake yi mini ƙarya da shi." Ya turo mini akwatin. "Yuli zan aiko maka hoto. Na farkon da na kama da ƙullinku."

Na dubi 'yar, ta kawar da kai tana gyara jaka. Na ce, "In sha Allahu, Yallaɓai."

Mai gadi ba ya fita da kaya daga gini sai da takardar da mai kayan ya sa wa hannu. Sufabaizanmu ya kawo takardar. 'Yar ta miƙa hannu za ta karɓi biro, Injiniya ya hana. Ya dafe takardar a kan murfin akwatin ya fara. Mu uku muna tsaye, direba na jira a waje da mota a kunne. Ya daɗe ƙwarai. Abin da ya fito bai yi kama da rubutu ba, kamar sawun tana a laka. Sufabaiza mutum ne mai tsanani a kan takarda, amma ya duba ya ninke ya sa a aljihu.

Yuli ya zo ya wuce ba hoto. Can daga baya 'yar ta rubuto mini gajeren saƙo cewa yana gidan kula da tsofaffi, ana lura da shi sosai, yana gaishe ni.

Akwatin ya koma ƙarƙashin gadona a Najma. Mu takwas ne a ɗakin, gado bisa gado. Wanda ke gadon da ke fuskantar nawa wani dattijo ne daga zangon Yeji a Gana, direban motar kayan miya a kasuwar Abu Hamour, duk muna ce masa Kawu. Garinsu a bakin tafkin Volta yake, ya san ruwa. Shi ya ce mini, "Ka kira tsohonka ka nuna masa mana. Me kake jira?"

Wata Juma'a da la'asar na kira wayar ƙanena ta bidiyo na ce ya kai wa Baba. Baba ya rame, gemun ya yi fari fat. Bayan gaisuwar da muka saba, lokacin da ya kamata a ce sai anjima, na ɗago cokalin azurfar na nuna masa.

"Mi ne ne wannan?"

Na yi masa bayani. Ya ce in matso da shi. Ya ce in juya bayansa. Ya tambayi nauyinsa, ya tambayi kaurin zaren.

"Abin da ba ya da wari, ba ya da rai, kifi shi ci?"

Na ce da idona na gani. Na ba shi labarin dunƙulen dalma da matsi, da yadda ake karkata jirgi, da yadda ƙullinsa ya ka da na Bature a mariƙin ƙofa. Nan ya yi dariya, dariyar da na manta yana da ita. Ya ce ba nasa ba ne, na kakana ne. Ya sa na fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan wasan yara ne, wannan tsage zai so shi, wannan ja ne da yawa. Muna nan har cajin wayar ƙanena ya kusa ƙarewa.

"Farin nan," ya ce a ƙarshe, "in ruwa ya janye, akwai wasu duwatsu da na sani. Ka taho da shi. Mu ari jirgi mai inji, kai ka tuƙa."

Na ce ina nan tafe ƙarshen shekara.

Da na nemi hutun, kafil, wato mai kamfanin da ya kawo mu, ya ce an karɓi sabon gini, ma'aikata sun yi ƙaranci, in bari sai bayan wata huɗu. Wasu abokan aikina da aka gaya wa haka sun yi ta zarya ofis har aka sake su. Ni na je sau ɗaya na haƙura. Na ɗauka ruwa zai sake janyewa wata shekarar.

Wata Talata da hantsi ina teburina ƙanena ya kira, Baba ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana uku, ba su gaya mini ba don kada hankalina ya tashi. Ya ce za a kai shi bayan azahar. Ina riƙe da wayar wani mai kawo saƙo yana miƙo mini kwali yana cewa yalla, yalla, in yi sauri in sa hannu. Na sa masa. Abokin aikina ya riƙe mini tebur na sauka inda ake ajiye motoci, na zauna a bayan wani ginshiƙi na yi kukana, na wanke fuska na dawo. Da yamma 'yan ɗakinmu da maƙwabta suka taru, Kawu ya ja addu'a.

Da hutun ya samu na je gida, amma ban ɗauki akwatin ba. Na ziyarci kabari. Ƙanena ya koma acaɓa, kwale-kwalen na kife a bayan gida, gindinsa ya fara ruɓewa. Na tambayi tsofaffin bakin ruwa ko sun san duwatsun da Baba ke nufi, kowa ya nuna mini wuri daban.

Bayan dawowata da 'yan watanni Kawu ya gama kwantiraginsa zai koma gida gaba ɗaya, gwiwoyinsa sun gaji da mota. Ranar da yake ɗaure kaya na jawo akwatin na ajiye a kan gadonsa. Ya ce a'a, na ce ya ɗauka, a nan tsatsa kawai zai yi. Na zauna na koya masa duk abin da na riƙe, saurin jirgi, kallon bakin sanda, karkatawa. Ya saurara yana gyaɗa kai.

An yi kamar wata biyar sai ga saƙonsa na murya, ina cikin bas za mu aiki. Bayan doguwar gaisuwa, da tambayar 'yan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ya ce: "Ɗana, kayan Baturenka ba su san Volta ba. Ruwanmu cike yake da matattun itatuwa a ƙasa, tun da aka tare kogi. Kana ja sai ka ji ƙam, ka ce giwa ce, ashe kututture ne. Sun cinye kusan duka, saura uku. Amma na kama tsage guda da mai ruwan lemon nan, ba babba ba, jikokina sun ci." Ya yi dariya, ina jin kukan awaki a bayansa. "In akwai wasu a wurinka ka aiko mini."

Na saurara sau biyu. Sannan na danna na ce masa, "Kawu, ina gaisuwa. Babu saura, su ke nan. Ka lallaɓa ukun."